Redis, Memcached ko kesh na cikin manhaja: wanne za ka ɗora a gaban databes?

Makon jiya bayan la'asar wani ƙanina ya same ni a Unguwar Rimi a Kaduna hankalinsa duk a tashe. Yana rubuta manhaja ne wa wani kamfanin dillancin kayan masarufi, suna da rassa a Kawo da Barnawa da Kakuri da wani shago a cikin Kasuwar Sheikh Gumi, duk rassan nan databes ɗaya suke buga wa, PostgreSQL, manhajar kuma Java ce da Spring Boot a kan saba uku. Duk ƙarshen wata idan ana haɗa lissafi ga kwastomomi a layi, sai komai ya tsaya cak, mai karɓar kuɗi ya danna ya zauna yana kallon allo. Oga ya ji a wani wuri cewa maganin shi ne "a sa kesh", shi kuma ƙanin nawa ya tambayi mutum uku ya samu amsa uku. Ya ce "Yaya, wani ya ce Redis, wani ya ce Caffeine ya ishe ni, wani kuma ya ce in kunna na Hibernate kawai, ni wlh na rasa na kamawa." Abin da na zauna na faɗa masa shi ne wannan, na ƙara da abin da lokaci bai bari na faɗa ba.

Kesh dai wuri ne na kusa da ake ajiye kwafin bayanan da aka fi nema, kamar kantar shago. Sito yana can baya, shi ne databes, kaya na gaskiya da lissafi na gaskiya suna can. Amma mai shago ba ya tafiya sito duk sanda aka nemi maggi ko sabulu, yana jera abin da aka fi nema a kan kanta. Matsalar kanta guda ce, kuma ita ce matsalar kowane kesh: idan Alhaji ya ƙara kuɗin buhun shinkafa da safe a littafin sito, yaron da ke kanta yana nan da tsohon farashi a kansa har sai wani ya zo ya faɗa masa. To idan yaran shago uku ne kowa da kantarsa fa? Nan rigimar take.

Tambayoyin da za ka amsa kafin ka zaɓa

Ta farko kuma babbarsu: wannan bayanin, tsufan minti nawa za ka iya jurewa? Jerin jihohi da ƙananan hukumomi, sunayen bankuna, rukunin kaya, waɗannan ko sun kwana a kesh ba wanda zai mutu. Farashi, wataƙila minti ɗaya ko biyu. Ragowar kuɗi a asusun mutum ko adadin buhunan da suka rage a lokacin da ake sayarwa, ko sakan ɗaya ba a yarda ba. Mutane suna tsallake wannan tambayar su tafi kai tsaye ga "wanne ya fi sauri", alhali duk zaɓin da zan kawo suna da saurin da ya ishi kamfani irin namu na nan.

Ta biyu: wa ke rubutu a databes ɗin? Idan manhajarka ce kaɗai, da sauƙi, duk canji ta hannunka yake bi. Amma a ofisoshi da yawa akwai tsohuwar manhajar akanta da ke taɓa teburan nan, akwai skirif da ke gudu da tsakar dare, akwai kuma ma'aikacin da ke buɗe pgAdmin, manhajar shiga databes kai tsaye, ya gyara farashi da hannu. Kesh bai san da su ba sam.

Ta uku, saba nawa manhajar ke gudu a kai, ɗaya ko da yawa a bayan mai raba lodi. Sai kuɗi, kuma ba kuɗin lasisi kaɗai ba, RAM kuɗi ne, sabar haya da dala ake lissafinta, lokacin mutumin da zai riƙa kula da abin ma kuɗi ne. Sai juriya, wato me zai faru idan aka ɗauke wuta inbata ta kasa ɗauka kafin janareta ya tashi. Sai sauƙin sakawa, sai haɗarin da ke tattare.

Zaɓi na sifili: gyara databes ɗin tukuna

Na kira shi sifili saboda ba sabon abu za ka girka ba. Databes ita ma tana da nata kesh. A PostgreSQL sunansa shared_buffers, kuma idan ba wanda ya taɓa shi 128MB ne kacal, ko da sabar tana da RAM 32GB. Takardun PostgreSQL ɗin sun ba da shawarar a fara da kusan kashi 25 cikin 100 na RAM idan sabar ta databes ce zalla. MySQL ma haka, innodb_buffer_pool_size yana zuwa da 128MB. Na sha buɗe saba in tarar da waɗannan lambobin yadda suka zo daga masana'anta, shekaru ana kuka da jan ƙafa.

Bayan wannan ka kunna pg_stat_statements ka ga tambayoyin da suka fi cin lokaci, ka bi su da EXPLAIN ANALYZE. Sau da yawa indeks ɗaya ne babu, wato fihirisar da ke saurin gano layi a tebur, ko kuma Hibernate, laburaren da ke haɗa Java da databes, yana ɗauko jerin rasit 200 sannan ya koma ya yi tambaya 200 daban don sunan kwastoman kowanne. Rahoton ƙarshen wata mai nauyi kuma ana iya ajiye sakamakonsa a tebur na musamman da PostgreSQL ke kira materialized view, yana nan tun bugu na 9.3, ka riƙa sabunta shi da dare ko duk awa.

Kuɗi: kusan babu, sai dai ƙarin RAM. Juriya: babu abin da ya kai shi, don bayanin bai bar gidansa ba. Haɗarin tsohon bayani: babu, ban da wancan teburin rahoton da kai ka san lokacin da ka sabunta shi. Iyakarsa ita ce duk da haka kowace tambaya sai ta je databes, ta kama layin haɗi, kuma max_connections na PostgreSQL 100 ne a farko. Idan mutum dubu suna neman abu ɗaya a minti ɗaya, ɓarna ce a riƙa tambayar databes sau dubu.

Wani abu ga masu MySQL: tsohon kesh na sakamakon tambaya da ake kunnawa da query_cache_size an cire shi gaba ɗaya a bugu na 8.0, saboda duk rubutu ɗaya a tebur yana goge duk abin da aka ajiye na teburin, kuma yana zama maƙogwaro idan aiki ya yi yawa. Kar ka ɓata lokaci kana nemansa.

Kesh na cikin manhaja: Caffeine, Ehcache da 'yan uwansu

Wannan shi ne yaron shago da ya haddace farashi. Bayanin yana zaune a cikin RAM na manhajar kanta, babu netwok, babu mayar da abu JSON a dawo da shi. A Java yanzu Caffeine ake yayi, Ben Manes ne ya rubuta shi, shi ya gaji kesh na Guava a Spring. Ehcache ya girme shi, tun 2003 yake. Masu .NET suna da IMemoryCache, masu PHP suna da APCu. Saurinsa ba a magana, karatu daga RAM lissafin nanosakan ne, zuwa wata saba ta netwok ko a ɗaki ɗaya suke lissafin rabin milisakan ne ko kusa da haka.

Kyauta ne, kuma a Spring layi kaɗan ne, ka sa @Cacheable a kan aikin, ka faɗi maximumSize da expireAfterWrite, wato iyakar yawan abin da zai riƙe da wa'adin da kowanne zai yi kafin a zubar da shi, shi ke nan. Don Allah kar ka bar shi babu iyaka, kuma kar ka ce HashMap za ka yi da kanka, haka ake cika ƙwaƙwalwar Java har manhaja ta faɗi da OutOfMemoryError ana tsakar ciniki. Juriya kam babu, duk sanda ka sake tayar da manhaja kesh ya koma fanko, amma wannan ba abin damuwa ba ne idan bayanin ƙarami ne.

Inda yake cizo shi ne saba fiye da ɗaya. Manaja ya canza farashin taliya, buƙatarsa ta faɗa saba ta ɗaya, ta gyara databes ta goge nata kesh. Saba ta biyu da ta uku ba su ji labari ba. Kwastoma a Kawo ya ga sabon farashi, ɗan'uwansa a Barnawa ya ga tsoho, kai har mutum ɗaya idan ya sabunta shafi sau biyu zai iya ganin farashi biyu. Na taɓa kwana biyu ina bin irin wannan a wani wurin aiki, ana ta zargin masu karɓar kuɗi da coge alhali yaran ba su da laifin komai, abin ya tsaya min a rai har yau. Magani biyu ne, ko ka gajarta wa'adi zuwa sakan 30 ko minti ɗaya ka yarda da wannan ɗan bambancin, ko ka yi hanyar shela tsakanin sabobin, misali LISTEN da NOTIFY na PostgreSQL ko pub/sub na Redis. Amma ka sani shelar nan irin ta sankira ce, wanda ba ya nan lokacin da aka yi ta bai ji ba kuma ba za a maimaita masa ba, don haka ko da shela sai ka bar wa'adi.

Kesh na mataki na biyu na Hibernate ma a nan gidan yake. Na mataki na farko yana rayuwa ne a cikin Session ɗaya, wato zaman aiki ɗaya da databes, ya mutu da ita, na biyu kuma duk manhajar ke raba shi, kuma Hibernate ba shi ke ajiyar da kansa ba, yana jingina da Ehcache ko Infinispan ko wani. Daɗinsa shi ne idan ka gyara abu ta Hibernate shi zai sabunta kesh ba sai ka tuna ba. Ga teburan da ba sa canzawa, dabarar READ_ONLY, wato karatu kawai, tana aiki lafiya lau. Amma duk rubutun da bai bi ta hannunsa ba, ko na manhajar akanta ne ko na mai pgAdmin, bai san an yi ba, zai ci gaba da ba da tsohon abu hankali kwance. Kesh ɗinsa na tambayoyi kuma duk sanda aka taɓa tebur yake sokewa, a tebur mai yawan rubutu wahala kawai yake ƙarawa.

Memcached

Dattijo ne. Brad Fitzpatrick ya rubuta shi a 2003 don LiveJournal, daga baya Facebook suka gina katafaren tsari a kansa. Saba ce daban da duk manhajojinka ke zuwa wajenta, don haka kanta ɗaya ce ga kowa, rigimar farashi biyu ta ragu sosai. Abu ɗaya ya iya: ka ba shi makulli da ƙunshi ya riƙe, ka nema ya ba ka, wuri ya cika ya zubar da wanda aka daɗe ba a nema ba. Makulli ba ya wuce bayit 250, ƙunshi kuma 1MB ne iyakarsa a saitin farko, RAM ɗin da yake ɗauka ma 64MB ne sai ka ƙara masa da kanka.

Kyauta ne, yana amfani da kawunan furosesa da yawa a lokaci ɗaya, kuma da wuya ya ba ka ciwon kai saboda babu abubuwa da yawa da za su lalace. Ba ya rubuta komai a faifai a yadda aka saba gudanar da shi, ba ya kwafi zuwa wata saba, an ɗauke wuta komai ya tafi. Idan kana da guda biyu ko uku, laburaren da ke cikin manhajarka ne ke yanke wace saba za ta riƙe wane makulli.

Haɗarinsa babba shi ne barin ƙofa a buɗe. Yana sauraro a tasha 11211 kuma ba ya tambayar kalmar sirri sai an saita. A Fabrairun 2018 an yi amfani da sabobin Memcached da mutane suka bari a buɗe ga intanet aka kai wa GitHub hari mai ƙarfin terabit 1.35 a sakan, bayan nan ne aka kashe UDP, hanyar aika saƙo da aka bi wajen harin, a saitinsa na farko. Ka ɗaure shi a netwok na cikin gida kawai.

Gsky ni ba na fara sabon aiki da shi yanzu, ba don yana da aibu ba, sai don wata biyu ba za a yi ba sai an zo an ce ana son layin aika SMS ko ƙidayar yunƙurin shiga ko kulle, shi kuma ba aikinsa ba ne.

Redis, da ƙaninsa Valkey

Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fara shi a 2009. Shi ma saba ce daban, tasha 6379, amma ya wuce makulli da ƙunshi, yana da jeri, yana da hash, yana da tarin da ke jere bisa maki, yana da pub/sub. Spring da Laravel da Django da .NET duk suna da hanyar haɗawa da shi a shirye, kuma a Kaduna idan ka nemi wanda ya taɓa aiki da wani kesh, Redis ɗin za ka fi samu, wannan ma abin lissafi ne ranar da mai aikin ya samu wani wuri ya tafi Abuja.

Maganar lasisi ta ɗan rikice. A Maris 2024 kamfanin ya bar lasisin BSD ya koma wasu masu tsauri, sai aka ɓalle daga bugu na 7.2.4 aka kafa Valkey a ƙarƙashin Linux Foundation, sannan a 2025 Redis 8 ya ƙara AGPL cikin zaɓin lasisi. Ga kamfanin da zai girka a sabarsa don aikin kansa, ko wanne ka ɗauka ba kuɗin lasisi, kuma umarninsu na yau da kullum iri ɗaya ne. Kuɗin yana wajen RAM, ko kuma wajen haya idan ka ɗauki wanda ake kula maka kamar ElastiCache na Amazon, a nan kam duk motsin dala sai ka ji shi a jika.

A kula da wannan sosai: kesh dole ya zauna kusa da manhaja. Idan sabarka tana ofis a Ahmadu Bello Way ka je ka yi hayar Redis a Turai, kowace tambaya sai ta ci milisakan ɗari ko fiye a hanya, databes ɗin da ke gefenka ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Ɗaki ɗaya, ko cibiyar saba ɗaya.

Wajen juriya ya fi Memcached. Yana iya ɗaukar hoton abin da ke ciki lokaci-lokaci, shi ne RDB, ko ya riƙa rubuta kowane umarni a fayil, shi ne AOF, wanda a saitin everysec abin da za ka rasa idan wuta ta tafi kusan na sakan ɗaya ne. Amfanin wannan ga kesh shi ne ya farka da kaya a kanta, databes ba za ta sha turmutsutsu ba. Amma akwai tarko, idan Redis ya yi minti goma a kwance manhaja tana ta rubutu a databes, zai farka da tsofaffin bayanan da ba a samu damar gogewa ba. Shi ya sa kowane makulli sai da wa'adi. Kwafinsa zuwa saba ta biyu ma ba ya jiran tabbaci, idan babba ta mutu ana iya rasa rubutun ƙarshe, don haka ba wurin ajiye lissafin kuɗi ba ne. Sentinel, mai ɗora saba ta biyu da kansa idan babba ta mutu, yana son aƙalla guda uku kafin a amince da shi, kulosta kuma, wato sabobi da yawa da suka haɗu suna aiki tare, tana raba makullai a gurabe 16384, amma da wuya kamfani mai rassa huɗu ya kai nan.

Abubuwa uku da suke kayar da mutane. Na ɗaya maxmemory, a saba mai bit 64 babu iyaka a farko, zai yi ta ci har Linux ya kashe shi, kuma idan ka sa iyaka ba ka canza maxmemory-policy daga noeviction ba, yana cika zai fara ƙin karɓar rubutu, ka mayar da shi allkeys-lru ko allkeys-lfu don ya riƙa zubar da wanda aka daɗe ba a nema ba ko wanda ba a cika nema ba. Na biyu, umarni ɗaya bayan ɗaya yake aiwatarwa, mutum ɗaya ya buga KEYS * a kan makullai miliyan kowa sai ya jira, SCAN ake amfani da shi. Na uku tsaro, a sa kalmar sirri ko ACL, tsarin ba kowa izininsa, da ya zo a bugu na 6, a rufe tashar daga waje, kuma a tuna idan ka zuba BVN da NIN da lambobin wayar kwastomomi a ciki, suna sauka a fayil ɗin RDB a faifai, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ba ta ware kesh ba.

Hazelcast da Infinispan

Waɗannan na gidan Java ne. Maimakon saba daban, manhajojinka uku suna iya haɗa kai su zama kulosta, kowacce ta riƙe wani kaso da kwafin na 'yar'uwarta. Hazelcast yana raba bayanai gida 271 da kwafi ɗaya a saitin farko. Infinispan na Red Hat ne, yana cikin WildFly, sabar gudanar da manhajojin Java, shi Keycloak, manhajar tantance masu shiga, ke amfani da shi. Suna warware rigimar saba da yawa, har da ta Hibernate. Akwai bugun kyauta, wasu abubuwan sai na kuɗi. Amma suna son netwok mai lafiya, idan waya ta katse tsakanin sabobi kowane ɓangare zai iya ɗauka shi ne mai rai ya ci gaba da rubutu, haɗa su daga baya aiki ne. Kuma duk sanda za ka ɗora sabon bugu na manhaja sai kulosta ta sake rabon kaya. Idan ba ku da mutum biyu aƙalla da suka fahimce shi, ku bar shi.

| Zaɓi | Kuɗi | Idan wuta ta tafi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gyaran databes | Ƙarin RAM kawai | Ba a rasa komai | Sai wanda ya iya SQL | Yana da iyaka idan masu karatu sun yi yawa |
| Caffeine ko Ehcache | Kyauta | Ya koma fanko | Mafi sauƙi | Kowace saba da nata farashin |
| Na Hibernate | Kyauta | Ya danganta da abin da ke ƙarƙashinsa | Sauƙin kunnawa, wuyar bincike | Rubutun da bai bi ta hannunsa ba |
| Memcached | RAM na saba | Komai ya tafi | Mai sauƙi | Ƙofa a buɗe, aiki ɗaya kawai |
| Redis ko Valkey | RAM ko hayar dala | Yana iya farkawa da kaya | Matsakaici | Saitin ƙwaƙwalwa, farkawa da tsohon abu |
| Hazelcast ko Infinispan | Kyauta ko lasisi | Yana jure mutuwar saba ɗaya | Mai wuya | Rabuwar kulosta |

Gogewa, inda aikin yake

Ko wanne ka ɗauka, tsarin da aka fi bi shi ne: duba kesh, babu, tambayi databes, ajiye a kesh da wa'adi. Idan an yi gyara kuma, rubuta a databes, jira tiransakshan, wato dunƙulen rubutun da databes ke karɓa gaba ɗaya ko ta ƙi gaba ɗaya, ya tabbata, sannan ka goge makullin. Gogewa, ba sabuntawa ba, don idan mutum biyu suka yi gyara kusan tare suna iya rubuta wa kesh a juye, na farko ya danne na biyu. Injiniyoyin Facebook ma da suka bayyana tsarinsu a 2013 gogewa suka ce suna yi.

Jeren yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka goge kafin tiransakshan ya tabbata, a ɗan tsakanin nan wani zai zo ya tarar babu, ya karanta tsohon farashi daga databes ya mayar da shi kesh, ya zauna daram har wa'adi ya cika. A Spring mutane suna haɗa @CacheEvict da @Transactional su ɗauka an gama, ka tabbatar gogewar tana faruwa bayan tabbatarwa, @TransactionalEventListener yana yin haka. Ko ka yi komai daidai akwai 'yar ƙaramar kafa da ta rage, shi ya sa nake ta nanata wa'adi. Idan kuma wasu manhajoji ne ke rubutu, ko dai gajeren wa'adi, ko ka sa abu irin Debezium ya riƙa karanta littafin canje-canje na databes yana gogewa, amma wannan wani sabon injin ne da shi ma sai an yi kiwonsa.

Sai turmutsutsu. Makulli mai farin jini ya cika wa'adi da ƙarfe tara na safe, buƙatu 300 suka tarar babu, duk suka ruga databes tare kamar an buɗe ƙofar banki ranar albashi. Caffeine yana barin ɗaya ya je sauran su jira, a Spring sync=true ne, a Redis ana yin ɗan kulle da SET NX. Kuma kar ka ba makullai dubu wa'adi iri ɗaya cif, ka ɗan bambanta su da 'yan sakanni. Manhajar kuma ta iya rayuwa idan kesh ya mutu, a sa gajeren lokacin jira ta wuce databes, ka gwada kashe Redis da gangan wata ranar Lahadi ka gani da idonka.

To wa zai ɗauki me

Idan saba ɗaya gare ka, makaranta ce ko asibiti ƙarami ko ofis, gyara databes ka sa Caffeine ko makamancinsa a yarenka, ka tsaya nan. Girka Redis a wannan halin ƙarin abin da zai iya lalacewa ne kawai.

Idan bayanan da ba sa motsi ne, jihohi, bankuna, rukunin kaya, kesh na cikin manhaja ya isa ko saba goma ne, da wa'adin awa ɗaya ko fiye. Idan databes ɗin gidan haya ce, manhajoji uku huɗu na rubutu, ka nisanci na Hibernate ban da teburan READ_ONLY, ka riƙe gajeren wa'adi. Mai tsohuwar manhajar PHP da Memcached ke yi wa aiki lafiya, kar ya taɓa. Babban banki ko kamfanin da dama yake kan WildFly kuma yana da tawaga, Infinispan ba baƙo ba ne a gare su.

Ƙanin nawa kuma, mai saba uku da rassa huɗu, ga abin da muka tsayar. Ya fara ɗaga shared_buffers ya nemo tambayoyi goma mafi nauyi, rahoton ƙarshen wata ya koma teburin da ake sabuntawa da dare. Jerin kaya da farashi su shiga Redis guda ɗaya a cibiya ɗaya da sabobin, wa'adin minti biyu, gogewa bayan tabbatarwa, allkeys-lru. Jihohi da bankuna su zauna a Caffeine. Adadin kayan da suka rage ana iya nuna shi daga kesh a allon dubawa, amma lokacin da mai karɓar kuɗi ya danna sayarwa, databes ce za ta rage adadin a umarni ɗaya mai sharaɗin cewa abin da ya rage ya kai, idan bai kai ba ta ƙi. Bashin dillalai da ragowar kuɗinsu kuma na ce masa ko Oga ya matsa kar ya sa su a kesh, ya sa musu indeks mai kyau ya bar su a inda suke.